Gaurakan Bayan Layin Dogo

Litinin

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya da matarsa da yara. Yaya gwiwar? Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana shan maganin, ko har yanzu a ƙarƙashin filo yake kwana.

A tsaye nake rubuto maka, a ɗakin gwajin jini, kafin injin ya gama juyawa. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri.

Ka tuna zauren nan na waya da na ba ka labari, na masu kallon tsuntsaye? Wanda ka ce mutane ne masu neman tsuntsu a cikin gilashi alhali yana bisa kansu? To, an yi wa mai zauren canjin wurin aiki, ya tafi ya bar mini shugabanci. A waya mu ɗari da arba'in ne. Ranar Asabar kuwa in an ce a fito, mu tara ne, wani lokaci shida. Kullum wuri ɗaya, bayan matatar ruwa. Balbela, zalɓe, kirinjijiya, sai wani zakaran ƙeƙuwa da ya saba da mu har ya daina yi mana ihu. Akwai wata Malama, tsohuwar shugabar makaranta, mai zuwa da kujerarta da littafinta, ba ta taɓa fashi ba. Akwai Lauya, mai wata kyamara mai hanci kamar bututu, wanda ya fi kowa baki. Sauran yau ka gan su, gobe babu.

Shekaranjiya Lauya ya rubuta a zaure wai gauraka ya ƙare a wannan yanki, sai dai a hoto. Mutum talatin suka ce haka ne. Kawu, sau huɗu ina rubuta amsa ina gogewa. Ni da na tsaya kusa da kai a bayan layin dogo muna kallon gauraka ina 'yar shekara tara, ka toshe mini baki da hannu don kada in yi ihu!

Roƙona ke nan. Ka ba ni izini in kai su fadamar nan taka, sau ɗaya tak. Mutum takwas. Ba zan bari kowa ya matsa kusa ba. In ban nuna musu wani abu sabo ba zauren nan a hannuna zai mutu, a ce ni na kashe shi. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko ƙaiƙayi nake ji.

Injin ya tsaya. Ka ba direban nan mai kawo maka takarduna amsa ranar Laraba, don Allah.

'Yarka,
Tsada

*

Laraba

Tsada,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Muna lafiya. Ki ce wa ƙanwata ina shan magani, kuma ta daina aiko 'yan leƙen asiri.

Tun kina rarrafe na sa miki sunan wannan 'yar tsuntsuwa don ba kya zama, ga shi har kin yi digiri ba ki sake hali ba.

Amsata ita ce a'a.

Yanzu ruwa ya zauna, ciyawa ta kai ƙugu. Lokacin sheƙarsu ne. Macen tana kwance a kan ƙwai, namijin yana gadi. Mutum ɗaya suna iya haƙuri da shi in ya san yadda ake tsayuwa. Mutum takwas ba za su yi shiru ba ko da an ɗinke musu baki, balle da lauya a ciki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina taka layin dogon nan da guduma a kafaɗa, ban kai ko abokin aikina wurin ba.

In zaurenku zai mutu don bai ga gauraka ba, ki bar shi ya mutu, za ku buɗe wani.

Amma ke ki je, ke kaɗai. Ki bi ta kwalbatin da ya karye, ki tsaya bayan tulin tsofaffin katakon layi, rana tana bayanki. Ki rubuto mini abin da kika gani, kada ki rage komai. A gidan yayanki a bene aka ajiye ni. Tagata tana kallon bangon maƙwabta da tankin ruwa. Tantabaru huɗu ke sauka a kai, na san kowace da halinta, kuma duk ba su da hali.

Ki gaida mutanen gida.

Kawunki

*

Lahadi

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Suna nan! Kawu, suna nan!

Na je jiya da sassafe. Kwalbatin ya ƙara zubewa, sai da na cire takalmi. Katakon layin suna inda ka bar su, gara ta ci rabi. Da farko babu komai sai kukan kwaɗi da wasu jinjimi biyu can nesa. Na kusa cewa shi ke nan, Lauya ya yi gaskiya. Sai ciyawa ta motsa, wannan kan mai tuntu kamar zinariya ya ɗago. Namijin ne. Ya tsaya ya dube mu, ya juya kai gefe yana auna mu da ido ɗaya. Fari da ja a kumatunsa kamar yanzu aka shafa. Muka ƙame, ko numfashi babu.

Can sai ya yi kukan nan nasa mai kama da ƙaho, ita kuma ta amsa daga cikin ciyawa. Ta miƙe ta gyara ƙwan da baki, na hango biyu da madubin hangen da ka ba ni. Suka yi canji, shi ya kwanta, ita ta fita kiwo. Ta wuce ta gabanmu kamar taku arba'in, tana buga ƙafa a ƙasa tana tsintar fara. Kusan awa guda muka yi kafin mu janye.

Na so a ce kana wurin. Hawaye na yi, ban san dalili ba.

Aiki ya yi yawa, zan sake rubutowa. A gaida Yaya.

'Yarka,
Tsada

*

Laraba

Tsada,

Salamu alaikum. Na gode da labarin, na karanta shi sau uku.

Idona ya yi rauni amma bai kai ga haka ba. Kin ce ya dube mu. Kin ce muka ƙame. Kin ce ta wuce ta gabanmu.

Ke da wa?

Kawunki

*

Asabar da yamma, a tashar mota

Kawu,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata.

Mu bakwai ne. Takardarka ta farko ta iso hannuna ranar Alhamis, na karanta, na ninke ta na sa a aljihun farar rigata, na kuma kai su ranar Asabar. Ba zan ce ban gane ba. Na gaya wa kaina cewa tsufa ne ya sa ka tsoro. A mota na sa kowa ya yi alkawarin ba zai faɗi wurin ba, kowa ya ɗaga hannu. Kuma wallahi sun yi shiru a wurin, har Lauya. Malama ta riƙe hannuna, ta ce, "'Yata, shekara arba'in rabona da shi." A ranar ji na yi babu wanda ya kai ni.

Da ma a nan abin ya tsaya.

Ranar Litinin Lauya ya ɗora hoton a wani babban shafi na masu hotuna, ba zaurenmu ba, wanda kowa ke iya gani. Wani ya ce ƙarya ne, a wata ƙasa aka ɗauka. Suka yi ta sa-in-sa. Don ya rufe bakin mutumin, sai ya ɗora taswirar wurin, har da kwalbatin. Ban gani ba sai ranar Talata a wurin aiki. Na kira shi, na ce ya sauke. Ya ce, "Haba shugaba, ai tallata mu nake yi, mutum sittin sun nemi shiga zaure." Ya sauke daga baya, amma ya riga ya kwana.

Yau na koma ni kaɗai. Wannan karon da gaske ni kaɗai.

Kawu, akwai sawun babur har bakin ruwa. An tattake ciyawa, hanya ta fito fili zuwa sheƙar. Na tsinci guntun igiyar roba da zarge a jiki, da gashin fiffike fari guda uku. Gauraka ɗaya ne kawai ya rage, ina jin macen ce, ta fi ƙanƙanta. Ba ta kan ƙwan. Tana zagaye fadamar, ta tashi ta sauka, ta yi kuka ta saurara, ta sake yi. Babu mai amsawa. Awa biyu na tsaya ba ta huta ba, ni ma ban iya tafiya ba.

Na ƙi komawa gida kai tsaye don kada Umma ta ga fuskata. Ina zaune a kan bencin tasha ina jiran direbanka. Ka zage ni, ka ce duk abin da za ka ce, amma ka gaya mini abin da zan yi.

'Yarka mai laifi,
Tsada

*

Alhamis

Kawu,

Ina sake gaishe ka. Direba ya zo jiya hannu wofi. Na tambaye shi ko ka karɓa, ya ce ka karɓa, ka sa a aljihu, ka rufe ƙofa. Na kira Yaya, ya ce kana lafiya amma ba ka son magana, kuma kwana biyu ba ka taɓa abincin rana ba.

Ni ma ga ni nan. Jiya na manna sunan wani a kwalbar jinin wani, Allah ya sa abokiyar aikina ta lura kafin a kai sakamako. Shekara shida ina aikin nan ban taɓa yin haka ba. Shugaban sashenmu ya ce in ɗauki hutun kwana uku. Hutun me? In na zauna sai in ji kamar ana tsikara ta.

Na faɗa wa zaure komai, har da cewa ka hana ni na ƙi ji. Zauren ya kama da wuta. Wasu suka ce a kori Lauya, wasu suka ce ni ce babbar mai laifi, kuma ban musa ba. Mutum goma sha ɗaya suka fita. Ana cikin haka Malama ta aiko da saƙon murya. Ta ce, "Ku yi mini shiru kamar yadda ɗalibaina suke yi. Tsuntsu mai tsayin yaro ba ya ɓacewa a aljihu. Wanda ya kama shi sayarwa zai yi, wanda ya saya kuma don a gani ya saya. Mu ɗari da wani abu ne, kowa yana da ido biyu. Ku fita ku duba."

Tun ranar muke yawo. An raba unguwanni. Ni na zagaye kasuwar tsuntsaye sau uku, har masu kejin suka fara kallona a karkace. Na leƙa lambunan shaƙatawa biyar. Wata ta ce ta ji kukansa a bayan wani gida mai dogon bango, muka ruga, ashe talo-talo ne.

Ƙwan sun tafi, Kawu. Na je jiya, ɓawo kawai na tarar, da sawun guza. Ita tana nan tana zagaye.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Tsada

*

Litinin

Zuwa ga Baba, kawun shugabar zaurenmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman afuwa bisa rubuto muku ba tare da sanayya ba. Ni ne wanda ake kira Lauya. Ni na ɗora taswirar. Sana'ata ce kare masu laifi, amma na duba nawa ta kowace fuska ban samo abin kariya ba. Wani wanda ban taɓa gani ba ya ƙaryata ni, na ji zafi, na biya da abin da ba nawa ba.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ku cewa an ga namijin.

A zaurenmu akwai wani mai gyaran famfo da ya shekara biyu bai taɓa cewa uffan ba, har mun ɗauka lambar ta mutu. Ranar Juma'a aka kira shi gyara a wani masaukin baƙi a bakin gari. Yana kwance a ƙarƙashin tanki sai ya ga ƙafafu dogaye sun wuce. Ya ɗauki hoto ya turo, da kalma biyu: "Shi ne?" An ɗaure shi da igiya a ƙafa kusa da wurin ajiye motoci, an ajiye masa ruwa a murfin bokiti.

Na je da takarda ofishin masu kula da namun daji, na zauna a bakin ƙofarsu har suka gaji da ganina. Ranar Asabar muka tafi tare da jami'ai biyu. Manajan masaukin ya ce kyauta aka ba maigidansa, ya yi ta kiran waya, daga ƙarshe ya kwance igiyar da hannunsa. Tsuntsun yana wurin likitan dabbobi yanzu. Ya rame, amma yana ci.

Sai dai akwai matsala. An yanke masa gashin fiffike ɗaya, ba zai iya tashi ba sai sabo ya fito, kuma likita ya ce hakan zai ɗauki watanni. Jami'an suna ganin a kai shi gidan ajiye namun daji. Shugabarmu ta ce ba za ta yarda da komai ba sai ta ji daga bakinku. Ta rame fiye da tsuntsun. Idan akwai fushi, ni ya kamata ya hau.

Ina jiran umarninku.

Naku cikin ladabi,
Lauya

*

Laraba

Tsada,

Wa alaikumus salam, duka gaisuwar da na tara ban amsa ba.

Na yi fushi. Har yanzu da saura. Amma ba shi kaɗai ya hana ni rubutu ba, kunya ma tana ciki, kuma gara ki ji daga bakina.

Na ce miki ban taɓa kai kowa wurin ba. Ba gaskiya ba ne. Ina da shekara ashirin da shida aka kawo mana wani sabon shugaba mai son a burge shi. Ina neman a mai da ni babban mai duba layi. Na ɗauke shi a kan kurar layi na kai shi fadamar. A lokacin gauraki tara ne, na ƙirga su a gabansa ina washe baki. Bayan sati biyu ya aiko mutane da raga. Biyar suka tafi gidajen abokansa. Na samu girman da nake nema. Duk ranar da na bi ta wurin sai na sunkuyar da kai. Da na faɗa miki wannan tun farko maimakon in ce a'a kawai, wataƙila da kin ji. Wataƙila kuma da ba ki ji ba, jininmu ɗaya.

Yanzu ga abin yi. Kada a kai shi gidan ajiya. Ita ba za ta daɗe tana jira ba, in ta gaji za ta bar fadamar, shi kuma a keji zai ƙare. A mayar da shi. Ku je da sanyin safiya. A zura masa safa a kai, a huda wurin baki don ya sha iska, in ba ya gani ba zai yi kokawa ba. Mutum ɗaya ya rungume fikafikan, wani ya tallafi ƙafafu, kada a lanƙwasa su da ƙarfi. Ku sauke shi ta gefen da ruwa ya fi zurfi, inda kare ba zai shiga ba. Ku cire safar ku ja da baya, kada kowa ya juya da gudu.

Sai babban aikin. Tsuntsun da ba ya tashi, kuma duniya ta san inda yake, ba zai kwana uku ba in babu ido a kansa. Ɓoyo ya ƙare. Abin da ya rage shi ne masu raga su san kullum akwai mutum a wurin. Kin ce ku ɗari da wani abu ne. To, ga ranarsu ta zo, mu gani ko hoton kawai suka iya.

Ki ce wa Lauyan nan na ga takardarsa. Hausarsa ta yi tsawo amma ya faɗi gaskiya.

Ki ci abinci.

Kawunki

*

Lahadi

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da godiya. Na karanta takardarka a bakin ƙofar asibiti, na zauna a kan matakala na sake karantawa. Ban san abin da zan ce game da shugaban nan naka ba, sai dai na ji kamar an sauke mini dutse, kuma na ji tausayinka.

Jami'an sun yarda bayan Lauya ya sa hannu a takardu har uku. Jiya muka mayar da shi. Safar Malama aka yi amfani da ita, mai ratsin shuɗi. Mai gyaran famfo ya rungume shi, ashe ƙaton mutum ne mai sanyin murya. Lauya ya riƙe ƙafafu, ya shiga ruwa har ƙugu da wandonsa na zuwa kotu, tsuntsun kuma ya yi masa kashi a hannun riga. Bai saki ƙafafun ba. Kyamarar ma a gida ya baro ta.

Da muka cire safar ya yi tsaye kamar bai san inda yake ba. Ya girgiza, ya buɗe fikafikai, ɗaya cikakke ɗaya guntu, ya yi tangaɗi. Ita ba ta nan. Muka jira. Kawu, ban taɓa jin minti ya yi tsawo haka ba, na cinye farcena biyu. Sai ya ɗaga wuya ya yi kuka. Shiru. Ya sake. Daga can bayan layin dogo muka ji an amsa.

Ta zo ta sauka nesa da shi kaɗan. Ba ta matso ba. Ta yi ta kallonsa, shi yana sunkuyar da kai yana ɗan tsalle da fiffikensa ɗaya da rabi. Har muka janye ba su haɗu ba, amma da yamma wanda ke gadi ya turo saƙo cewa suna kiwo gefe da gefe.

Mun tsara gadi. Mutum biyu da safe, biyu da yamma, kowace rana. Arba'in da uku suka ba da suna, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba: wata mai ɗinki, wani malamin lissafi, wasu ma'aurata masu shagon magani. Wani manomi da gonarsa ke kusa ya ce sauran lokacin a bar masa, bukkarsa tana kallon ruwan. Shekaranjiya, tun kafin mu kawo shi, wasu biyu sun zo a babur, suka tarar da Malama zaune a kujerarta tana rubuta lambar babur ɗin, suka juya.

Ban sani ba ko za mu iya riƙewa har fiffiken ya fito. Watanni ne, mutane kuma suna gajiya. Kullum ina duba jerin sunayen ina ƙirga wanda zai fara zamewa. Ranar Asabar da safe ma akwai gurbi, ni kaɗai ce a ciki.

Ka yafe mini, Kawu. Ba sai yau ba, duk ranar da ka ga dama.

'Yarka,
Tsada

*

Laraba

Tsada,

Salamu alaikum.

Gurbin Asabar da safe, ki sa sunana. Na yi magana da yayanki, ya yi ta kawo zancen gwiwa, na ce ko ya kai ni a mota ko in hau ta haya. Zai kai ni.

Ki zo da kujera mai jingina, ba na iya doguwar tsayuwa. A kwalbatin kuma sai kin riƙe ni.

Sauran maganar ma yi ta a can, a hankali, kada su ji mu.

Kawunki